Agogon Babur ɗin Malam

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ɗan fari kamar baƙo yake, ana jin nauyinsa yana jin nauyin mutane. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga yayarsa a Ƙarfi, ita ta raine ni, ita nake ce wa Gwaggo. Shi kuwa Malam nake ce masa, yadda kowa a Malumfashi yake ce masa. In na je gaishe shi, daga bakin zaure nake durƙusawa, ya amsa yana kallon bango, in tashi in ba shi wuri. In yana da magana da ni, Gwaggo zai gaya wa, ko da kuwa ina zaune a wurin ina jin komai. Wai kunya ke nan. Mutane suna yabonsa a kan haka, suna cewa Malam mutumin da ne, bai saki hali ba. Ni ma a lokacin ban ga aibun abin ba, don a haka na buɗe ido na ga ana yi.

Malam malamin gona ne, ya fi shekara ashirin a kan aikin. Yana da wani tsohon baƙin babur ƙirar Ingila, mai nauyin tsiya, wanda ya saya a hannun wani Bature da zai koma gida. Da shi yake zaga ƙauyuka, rani da damina, daga kewayen Ƙarfi har ya ɓulla wajen Musawa, yana nuna wa manoma tazarar shuka auduga da lokacin feshi da yadda ake zuba taki ba a ƙona masara ba. Tun daga nesa ake gane ƙarar babur ɗin, mata su ce ga Malam nan, a fito da tabarma. Bai tara komai a aikin ba sai abu guda: ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. In ya ce ya je wuri, to ya je. Da wannan yake taƙama, in ma ana kiran shirunsa taƙama.

Ni kuma bakanike ne. Lokacin ina da rumfata a Funtua, ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma ba yabon kai ba, duk garin babu wanda ya san cikin baburan Ingila kamar ni, don a hannun wani tsoho da ya ƙare rayuwarsa a kansu na koyi aiki. Daga Bakori ana kawo mini, daga Ɗandume ana kawo mini. Babur ɗaya ne ban taɓa ɗora wa sifana ba, na ubana. In ya lalace, gara ya kai wa kowane ɗan koyo a bakin tasha da ya turo mini. Ya za a yi a ce ya tsaya a kaina ina masa aiki, ko kuma in tambaye shi ina ke ciwo ya ba ni amsa? Abin yana cina, amma na haɗiye.

Can wajen ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da babban aikin gona ya shigo yankinmu da taki da tarakta da ƙananan babura sababbi fil, aka kawo wa malaman gona wani sabon ofisa. Saurayi ne, bai girme ni ba, da takardarsa ta jami'a da farar rigarsa mai gajeren hannu. Ba a jima ba aka gane abin da yake so: tsofaffin malaman gona su matsa, a zuba yara masu takarda. Sai ya kafa doka. Duk ƙarshen wata za a duba agogon babur ɗin kowa, a ga nisan da ya ci, a gwada da rahoton ƙauyukan da mutum ya ce ya zaga. Wanda agogonsa ya ƙaryata rahotonsa, to ya kuka da kansa. Agogon Malam kuwa damina biyu ke nan da mutuwa, allurarsa na kwance ba ta ko motsi.

Bari in yi bayanin abin kaɗan, don a gane inda aka yi ɓarnar. Agogon gudu ba shi da rai na kansa, daga ƙafar gaba yake shan motsi. A jikin cibiyar ƙafar, ta cikin murfin birki, akwai wani zobe na ƙarfe mai haƙora, bai kai awarwaro faɗi ba, mu muna ce masa giyar agogo. Murɗa shi ake yi a kan cibiyar yadda ake murɗa noti, a kan tiredi, wato layin murɗin nan, mai laushi ƙwarai. In ƙafa ta juya, zoben ya juya, haƙoransa su tura wata 'yar ƙaramar giya, ita kuma ta juya waya, waya ta hau sama ta kaɗa allura ta kuma mirgina lambobi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a irin babur ɗin Malam tiredin na hagu ne. Hagu ake murɗa shi ya ɗaure, don juyawar ƙafa ta riƙa ƙara masa ƙarfi maimakon ta kwance shi. Wanda ya saba da ƙananan baburan zamani ba zai kawo haka a ransa ba.

Lokacin mijin Gwaggo ya rasu, ta dawo gidan Malam da zama. Wata Juma'a na je gaisuwa, ta jawo ni ɗakinta ta nuna mini wani ɗan kwali da Malam ya ba ta ajiya. Wai wani ɗan kasuwa ya sa ya nemo masa a Kano, da ƙyar aka samu, guda ɗaya tak ya rage a shagon. Na buɗe, sabuwar giyar agogo ce a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Na juya ta a haske na ga kwanciyar tiredin, na hagu ne. Na tambaye ta wa zai ɗaura, ta ce mai gyaran nan na bakin tasha. Na san shi sarai. Jiya-jiya yake facin keke, yau ya sayi guduma ya zama bakanike.

Na roƙe ta ta sa baki a ba ni aikin. Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce in rufa mata asiri, yaushe na fara rashin kunya. Na ce to shi ke nan, amma don Allah ta isar mini da saƙo ɗaya, kalma ɗaya ce: a gaya wa Malam ya gaya wa mai gyaran, hagu ake murɗawa, ba dama ba, kuma kada guduma ta kusanci wurin. Na maimaita mata har sau uku, na kama hannunta na nuna mata yadda ake juyawa. Ta ce ta ji, in tafi abina.

Daga baya, bayan komai ya lalace, na tsare ta na tambaye ta me ta gaya masa. Ba ta ko sunkuyar da kai ba. Ta ce ita ba za ta iya buɗe baki ta ce wa ƙanenta ɗansa yana koya masa yadda zai yi da kayansa ba, kuma wane irin saƙo ne ma a ce a fara aiki da hagu. Abin da ta ce masa kawai shi ne, yaron Funtua yana gaisuwa, ya ce a bi a hankali. Wallahi na so in yi ihu a ranar. Matar nan ta goya ni, ta yi jinyata lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da ni, amma na daɗe ina jin haushinta a kan wannan gyaran magana da ta yi, har yau ma bai gama fita ba.

Mai gyaran ya yi abin da na ji tsoro. Ya murɗa dama, abu ya ƙi kamawa. Ya sake murɗawa, ya ƙi. Maimakon ya tsaya ya duba, sai ya ce ai kayan Kano ne, ba daidai suke zuwa ba, ya ɗora guntun bututu a kan zoben ya bi shi da guduma har ya shige. Ya shiga ɗin, amma a karkace, ya kuma kwantar da bakin tiredin. Aka mayar da ƙafa, aka juya, allura ta ɗaga, kowa ya ce madalla. Malam ya hau ya tafi aikinsa da farin ciki.

Da ma a mace aka bar agogon da ya fi, don mataccen agogo ba ya ba da shaida. Wannan kuwa ya riƙa ba da ta ƙarya. Zobe a karkace, gefe ɗaya haƙoran su kama, ɗaya gefen su kuskure, in an shiga gargada ma ya zame a kan cibiyar gaba ɗaya. Allura tana rawa tana faɗuwa, Malam ya ɗauka halin sabon abu ne. Watan kuwa na feshin auduga ne, watan da ya fi kowane wahala, ya fita tun hantsi bai dawo ba sai la'asar sakaliya, wandonsa duk taɓo. Da wata ya ƙare ofisa ya leƙa agogo ya leƙa rahoto, abin da agogo ya nuna ko rabin rahoton bai kai ba. A gaban yaran da Malam ya haifi kamarsu, mutumin nan ya tambaye shi ko a ƙarƙashin wace bishiya yake kwana in ya ce ya tafi ƙauye. Kashegari aka ba shi takardar tuhuma, ya yi bayanin abin da zai hana a sallame shi a kan rahoton ƙarya.

Labarin ya iske ni a Funtua ta bakin wani direban lori. Na rufe rumfa na hau hanya. Na tarar Malam ba ya nan, ya tafi Matazu ta'aziyyar wani abokinsa, kuma a mota ya tafi, sai jibi zai dawo. Babur ɗin yana zaure, an lulluɓe shi da buhunan taki. Gwaggo ta ce tun ranar da aka ba shi takardar bai sake hawansa ba, turo shi ma ya yi daga ofis har gida, ba ya cin abincin kirki, ba ya zama a majalisa. Da na ji haka sai na ce a raina baƙin ciki ne ya sa ya tsani ganin babur ɗin. Ban kawo wani dalili ba.

Na ce mata zan buɗe ƙafar. Ta ce Malam fa ya ce kada kowa ya taɓa. Na ce ai da yaran gida yake, masu hawa suna wasa da ƙaho. Sai ta ce ita dai ba ta gani ba, ba ta ji ba, ta shige cikin gida. A nan laifina yake, ba na ɗora wa kowa. An gaya mini kada a taɓa, na taɓa. Zuciya ce ta ɗebe ni, da kuma wani abu da sai yanzu nake iya faɗa: shekara da shekaru ina jiran ranar da zan sa hannu a babur ɗin nan, ga shi an bar ni da shi mu biyu a zaure. Na riga na tsara komai a kaina. In gyara agogon ya dawo daidai, Malam ya sake bin hanyoyin da ya bi, a ga lambobin sun yi daidai da rahotonsa, bakin ofisa ya mutu. Kuma ko bai ce komai ba, zai san wanda ya fitar da shi.

Na ɗora cikin babur ɗin a kan turmi, na kwance wayar birki da ta agogo, na zare ƙarfen tsakiya, na fito da ƙafar. Da na ɗaga murfin birki na ga abin da aka yi, sai da na zagi mai gyaran nan da uwarsa da ubansa, Allah ya yafe mini. Zoben yana zaune kamar hular ɗan iska, gefe sama gefe ƙasa, garin ƙarfe ya cakuɗe da tsohon giris ya yi baƙi ƙirin. Na wanke da kananzir, na jiƙa shi ya sha, na ɗan gasa shi da wutar risho don ya saki, sannan na riƙa bugunsa da guntun katako, nan kaɗan can kaɗan, ina zagayawa, har ya fito. Na yi sa'a haƙoran ba su karye ba, baki kawai suka ɗan ci.

Tiredin cibiyar ne abin tausayi. Layi uku na farko sun kwanta sun manne da juna. Wani zai ce a kai wa mai walda ya like zoben kowa ya huta, amma ni ba haka aka koya mini ba. Na ɗauko ƙaramin magagarina mai kusurwa uku, na jawo ƙafar bakin ƙofa inda haske yake, na zauna a ƙasa na rungume ta. Na fara daga ciki, inda tiredin yake da lafiya, na sa bakin magagari a cikin kwarin, na biyo shi waje a hankali ina tayar da abin da guduma ta kwantar. Ba a gaggawa a wannan aiki. Ka ci ƙarfe fiye da kima, zobe ya yi lako-lako, ka bar tudu, ya cije a hanya. Na yi azahar a wurin, na yi la'asar, wuyana ya ƙage, idona yana ruwa. Da rana ta yi sanyi na rufe da tsumma na tafi masauki.

Washegari da sassafe na koma kan cikin zoben, shi ma na bi shi layi-layi da wani lanƙwasasshen ƙarfe da na wasa. Wajen hantsi na goge duka biyun, na ɗiga mai, na ɗora zoben a bakin cibiyar. Ka'idar ita ce ka fara juyawa baya, wato dama, da yatsu kawai, har ka ji ya yi ɗan ƙas ya faɗa mazauninsa. Na ji ƙas ɗin. Na yi bismillah na juya hagu. Ya tafi zagaye ɗaya ya cije. Na fito da shi, na ga inda ya yi sheƙi, na shafe wurin da magagari, na sake. Sau nawa na yi haka ban ƙirga ba. Can dai ya tafi sumul, da yatsu biyu, har ya zauna daram a kafaɗar cibiyar, ko siririn gashi ba zai shiga tsakaninsu ba. Na ɗaure shi da sifanar ƙugiya, na gyara bakin haƙoran, na shafa alli na juya don in ga ƙaramar giyar tana taɓa ko'ina daidai. Tana taɓawa. Na cika da sabon giris na rufe.

Da na mayar da ƙafar na kaɗa ta da hannu, allura ta tashi a natse ta tsaya cak, babu rawa. Ban iya haƙura ba sai da na fito da babur ɗin na taka shi. Karo na farko ke nan da na zauna a kan sirdin ubana. Na hau titin Funtua, na auna daga dutsen mil zuwa na gaba, lamba ta mirgina daidai kan dutsen, na juyo. Na mayar da shi zaure, na goge sawun hannuna, na lulluɓe shi da buhunan yadda na same shi. A duk rayuwata ban yi aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma na koma Funtua ina jin kaina kamar an yi mini albishir da Makka. Ban bar saƙo ba. Wa zan ba, Gwaggo? Na ce zai gani da idonsa in ya hau.

Bai hau ba. Ranar Litinin tura shi ya yi har ofis. Abin da ban sani ba, abin da babu wanda ya sani a gidan don Malam ba ya kawo maganar ofis cikin gida, shi ne amsar da ya ba takardar tuhumar. Ya rubuta cewa agogon ne yake ƙarya ba shi ba, ya roƙi a sa bakaniken ma'aikata ya buɗe ƙafar a gaban kowa, in ba a ga ɓarna ba ya yarda a yi masa duk abin da aka ga dama. Ofisa ya yarda, da sharaɗin kada a hau babur ɗin, kada a taɓa shi, har ranar. Wannan karkataccen zoben da na kwana biyu ina miƙewa, shi kaɗai ne shaidar Malam.

Bakaniken ma'aikatar na san shi, wani dattijo ne Kirista da ya yi makarantar mishan, mutumin kirki, muna haɗuwa wurin sayen kayan gyara. Shi ya zo har rumfata ranar Talata ya ba ni labari, bai ko zauna ba. Ya ce an taru a filin ofis, Malam yana tsaye da hannuwa a baya, fuskarsa a sake, don ya san abin da za a gani. Aka buɗe, zobe yana zaune daram. Aka kaɗa ƙafa, allura ta tashi lafiya lau. Aka sa wani ya hau ya auna da dutsen mil, ya dawo ya ce ko taku ɗaya agogon bai ci ba. Ya ce Malam ya matso ya leƙa cikin cibiyar, ya daɗe yana kallo, sannan ya koma inda yake ya tsaya.

Dattijon ya ce shi da ya ga sabon giris da sawun magagari ya san ba a yi kwana uku da yin aikin ba, ya kuma san duk yankin hannun mutum ɗaya ne zai iya tayar da tiredi haka. Ya faɗa wa ofisa cewa an taɓa wurin nan kwanan nan, kuma alama ta nuna da can a lalace yake. Ofisa ya juya wurin Malam.

"Malam, wani ya buɗe ƙafar nan bayan mun yi magana?"

Malam ya kafa wa cibiyar ido.

"In akwai wanda ya gyara, faɗi sunansa a kira shi yanzu ya yi bayani. Wane ne?"

Dattijon ya ce shi har addu'a yake yi a ransa Malam ya buɗe baki. Kalma biyu ce, ɗana ne. Ko ya ce yaron Funtua ma ya isa, shi zai ƙarasa sauran. Malam ya dubi ƙasa ya ce, "Babu wanda zan ambata." Ofisa ya ce to madalla, ya rufe fayil ɗinsa.

Na tambayi dattijon shi me ya hana shi faɗa. Ya ce uban yana tsaye ya ƙi, shi wane ne da zai tsallake shi? Kun ji fa. Kowa yana da kunyar da zai ji, kowa yana da girman da zai ba wani, mutum yana nutsewa ana tsaye ana ladabi.

A ranar na tafi ofishin. Na jira a baranda har bayan azahar kafin a bar ni in shiga. Na faɗa wa ofisan komai, tun daga kwalin Kano har turmin da na ɗora babur a kai, na ce a kira mai gyaran bakin tasha a tambaye shi, a kira manoman ƙauyukan ma su faɗi ko sun ga Malam ko ba su gan shi ba. Yana saurare yana wasa da biro. Da na gama ya tambaye ni ni wane ne a wurin Malam, alhali ya sani, don Bahaushe ne ɗan'uwana, ya san kunyar ɗan fari kamar yadda na santa. Na ce ɗansa ne. Ya yi murmushi ya ce ai ɗa ba abin da ba zai faɗa ba don ubansa, kuma in gaskiya ne me ya hana uban faɗa jiya da aka tambaye shi a gaban jama'a? Takarda ta riga ta wuce sama. Na fito, don da na ƙara minti ɗaya a ɗakin da an ɗaure ni. Mai gyaran kuwa da na je wurinsa rantsuwa ya yi shi lafiya lau ya ɗaura abinsa.

Ba a yi wata ba takardar sallama ta zo. Ba su rubuta kalmar ƙarya a ciki ba, sun iya bakinsu, amma duk Malumfashi an san dalili. Masu cewa Malam mutumin da ne su ne suka koma cewa ashe dai kowa da inda yake ɓoye nasa. Wannan ya fi korar ciwo, kuma ni na jawo masa.

Ranar da takardar ta zo na je gidan. Yana zaune a zaure a kan buzu, Gwaggo tana gefe ta kawo masa fura bai sha ba. Ban durƙusa a bakin ƙofa ba. Na shiga har gabansa na zauna, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na dube shi a ido. Gwaggo ta fara salati tana cewa in fita. Ban kula ta ba.

Na ce, "Baba, ni na buɗe ƙafar. Ni na gyara. Ka sani, ka gani. Me ya sa ba ka faɗa ba? Sunana ne ya fi aikinka nauyi, ko ni ne ban isa ka ce naka ba ne?"

Hawaye yana zubo mini, ni da nake da 'ya'ya biyu. Na jira ya zage ni, ko ya ɗaga hannu ya mare ni. Wallahi da ya yi da na ji daɗi, da na san yau dai ni da shi muka yi. Ya kawar da kai. Ya jawo takalmansa ya sa, ya miƙe a hankali yana dafa bango, don a 'yan makonnin nan ya tsufa. Sai da ya kai ƙofar shiga gida ya tsaya, ya juya wajen Gwaggo.

"Yaya, a gaya masa aikin ya yi kyau."

Ya shige. Gwaggo ta share ido da bakin zane, ta juyo gare ni, ta buɗe baki za ta gaya mini.